Mene ne Touches rémanentes, kuma wa aka yi wa shi?

Duk wanda ya saba da kwamfuta mai Windows, da wuya bai taɓa cin karo da wannan ba. Ana cikin aiki, ko yaro na cikin wasan tsere yana ta dukan maɓallin Maj (wato Shift), sai a ji 'yar ƙara, wani akwati ya buɗo a tsakiyar fuskar kwamfuta yana tambaya ko ana so a kunna Touches rémanentes. A na'urorin da suke shigo mana ta Yola ko Mubi, masu Ingilishi, Sticky Keys za a gani a rubuce. Yawancinmu Non muke dannawa ba tare da mun karanta ba. Wasu masu shagon buga takardu a nan Garwa, a arewacin Kamaru, har cewa suke cuta ce ta shiga na'ura. Ba cuta ba ce. Saiti ne da aka yi domin mutumin da ba ya iya danna maɓallai biyu ko uku a lokaci guda, kuma masu bukatarsa a cikinmu sun fi yadda muke zato yawa.

A kan allon madannai akwai wasu maɓallai da ba sa rubuta komai su kaɗai: Maj, wanda a allon Ingilishi ake kira Shift, da Ctrl, da Alt, da AltGr, da mai tambarin Windows. Aikinsu shi ne su sauya abin da wani maɓallin zai yi. Ka danne Maj ka taɓa a, sai ta fito A babba. Ka danne Ctrl ka taɓa C, ka kwafi rubutu. Ctrl da V, ka manna shi. Sharaɗin dai ɗaya ne: kada ka saki na farko sai ka taɓa na biyu. Wanda ya tsara wannan ya ɗauka kowa na da hannu biyu masu lafiya da yatsu goma masu jin magana.

Touches rémanentes wannan sharaɗin yake ɗagewa. Idan an kunna shi, ka taɓa Ctrl sau ɗaya ka ɗauke yatsanka, kwamfuta za ta riƙe maka shi, kamar dai ka ce wa yaro "riƙe mini nan" kafin ka ɗauko guduma. Sai ka je ka taɓa C a natse, ko bayan daƙiƙa goma ne. Da zarar ka taɓa, aikin ya yiwu, ta saki Ctrl ɗin da kanta. Idan maɓallai uku ne, kamar Ctrl da Alt da Suppr, haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda. In kuwa kana so ya daɗe a riƙe, misali za ka zaɓi takardu da yawa da linzami, sai ka taɓa shi sau biyu a jere, ya kulle. Taɓawa ta uku ce ke buɗe shi. A ƙasan fuskar kwamfuta, kusa da agogo, wata 'yar alama za ta fito tana nuna wanda ke riƙe a halin yanzu, kuma kowace taɓawa na da ƙararta.

Mai wayar hannu ya riga ya san wannan tsarin ko da bai san sunansa ba. Kibiyar nan da ke gefen haruffa a waya, ai taɓa ta ake yi a saki, harafi na gaba ya fito babba. A taɓa sau biyu ta kulle. Babu wanda ya taɓa cewa wayarsa ta lalace saboda haka.

Abin da ya sa maganar ta fi shafarmu fiye da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka shi ne irin allon da muke amfani da shi. A Kamaru ta arewa da Chadi, ofisoshi da makarantu da shaguna galibi allon Faransa ne, wanda haruffansa na sama suka fara da AZERTY. A wannan allon, lambobi ma ba a samunsu kai tsaye. Layin sama é da è da ç da à yake bayarwa; kafin 2 ko 7 ko 9 ko 0 su fito sai an haɗa da Maj. Aya, wato ɗigon ƙarshen jimla, ita ma sai da Maj. Alamar tambaya haka. Alamar @ kuwa sai an danne AltGr an taɓa maɓallin 0. A allon QWERTY na Najeriya, lamba da aya duk taɓawa ɗaya ce.

A ɗauki adireshin imel mai ɗigo biyu da lambobi biyu da @ a ciki. Mai hannu ɗaya sai ya yi haɗin maɓallai sau biyar kafin ya gama rubuta shi. Bai ma zo kan kalmar sirri ba, wadda yanzu kusan kowane shafi ke cewa sai ta ƙunshi babban harafi da lamba da wata alama, kuma ɗigo-ɗigo kawai ake gani, ba a sanin inda aka yi kuskure. A yi kuskure 'yan lokuta, shafi ya rufe. Manyan allunan tebur suna da rukunin lambobi a dama, wannan na rage wahala, amma ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo da suka cika kasuwa, da yawansu ba su da shi. Wasu kan kunna Verr Maj, maɓallin kulle manyan haruffa, domin a allon Faransa yana fito da lambobin sama. Dabara ce mai kyau, sai dai ba ta kai ga @ ba, ba ta kai ga Ctrl da C ba, kuma in an manta ba a kashe ba, sauran rubutun duk ya fito da manyan haruffa.

Mai rubuta Hausa ko Fulfulde yana da ƙarin nasa. A tsarin Hausa na Windows, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ta AltGr ake samunsu, manyansu kuma sai an ƙara Maj, maɓallai uku ke nan domin harafi ɗaya. Windows na ɗaukar AltGr a matsayin Ctrl da Alt a haɗe, saboda haka wanda ya kunna wannan saitin yana iya taɓa Ctrl, ya taɓa Alt, sannan harafin.

Akwai wani dattijo da na sani, tsohon ma'aikacin ofis ne, hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Kansa garau, rubutun takardar neman aiki ko ta ƙorafi har yau babu kamarsa a unguwa. Na same shi yana buga takarda da hannun dama kaɗai. Ya naɗe guntun kwali ya cusa a gefen maɓallin Maj don ya danne, in ya gama lambobin sai ya zare da farce, in ya zo wata lambar ya sake cusawa. Wajen @ kuwa sai ya kira jikarsa daga tsakar gida: "Zo ki danne mini nan, 'yar albarka." Ta zo da hannu duk kumfar wanki, ta danne, ta koma. Na ce, "Baba, a ba ni izini in taɓa wani abu?" Na taɓa Maj sau biyar, na danna Oui. Ya gwada da yatsa ɗaya, lamba ta fito. Ya sake gwadawa da aya. Ya jima yana kallon allon, sannan ya ce, "Wato abin nan da ma yana ciki?"

Yana ciki, kuma ya daɗe. Masu bincike na cibiyar Trace, wadda a lokacin take Jami'ar Wisconsin a Amurka, ƙarƙashin Gregg Vanderheiden, su ne suka yi aikinsa a shekarun 1980, domin masu buga rubutu da yatsa ɗaya ko da sanda a baki ko a goshi. Kamfanin Apple ya sa shi a Macintosh tun ƙarshen waɗannan shekarun, Microsoft kuma ya shigar da shi cikin Windows 95. Ke nan duk wata kwamfuta da ke aiki a garin nan, komai tsufanta, tana da shi, ba a saye, ba a saukewa, ba ya bukatar intanet.

Su wa ke bukatarsa? Masu shanyewar ɓarin jiki irin dattijon nan. Waɗanda shan inna ya taɓa wa hannu tun suna yara. An ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a 2020, amma waɗanda ta riga ta kama suna nan tare da mu, manya ne masu neman abinci. Waɗanda kuturta ta ci wa yatsu. Matasan da haɗarin babur ya raba da hannu ko ya kashe musu jijiya, kuma kowa ya san yawan babura a Garwa da Marwa da Ngaundare. Waɗanda rikicin Boko Haram ya nakasa a Arewa Mai Nisa da gaɓar Tafkin Chadi. Tsofaffi masu amosanin gaɓɓai. Har wanda ya karye aka ɗaure masa hannu na wata biyu, da uwa mai rungume da jariri tana cike wata takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da wata nakasa mai tasiri.

Hanyar kunnawa mafi sauƙi ita ce taɓa Maj sau biyar a jere, a amsa da Oui. In wani ya riga ya toshe wannan hanyar, a shiga Paramètres. A Windows 10 ana bin Options d'ergonomie zuwa Clavier, a Windows 11 kuma Accessibilité zuwa Clavier. A Mac yana ƙarƙashin Accessibilité shi ma, amma da Faransanci sunansa Touches à auto-maintien.

Akwai wani zaɓi a ciki da ya kamata a duba, domin shi ne ke sa mutane su ce sun gwada abin bai zauna ba. Windows na kashe saitin da kansa da zarar an danna maɓallai biyu tare. An yi haka ne don kwamfutar da mutane da yawa ke rabawa: mai hannu biyu ya zauna, ya yi Ctrl da C yadda ya saba, na'ura ta gane ba mai bukata ba ne, ta koma yadda take. A shago wannan daidai ne. Amma a kwamfutar mutum ta kansa, inda ɗansa zai iya zuwa ya taɓa, ko shi da kansa yatsansa ya zame ya haɗa biyu, gara a cire wannan zaɓin, saitin ya zauna daram.

A shafi guda za a ga 'yan'uwansa. Wanda ya fi muhimmanci shi ne Touches filtres, na mai makyarkyatar hannu, wanda in ya nufi harafi ɗaya sai uku su fito, ko ya goge maƙwabcin harafin a hanya. Wannan saitin na sa kwamfuta ta yi watsi da taɓawar da ba ta daɗe ba da wadda aka maimaita nan take, kuma ana iya daidaita tsawon lokacin da ya dace da hannun mutum. Danne Maj na dama na daƙiƙa 8 ke kira shi. A nan ne ake yawan shiga ruɗu: mutum ya ɗora yatsa a kan Maj yana tunani, saitin ya kunnu, allo ya zama kamar ya mutu, a kwashi na'ura zuwa wajen mai gyara a biya sefa a banza, wani ma a canza masa allon gaba ɗaya. Kafin a je, a danne kowane harafi na ɗan lokaci a gani. In ya fito a makare, to wannan ne, a shiga a kashe. Sai Touches bascules, mai yin ƙara idan an taɓa Verr Maj ko Verr Num, yana taimakon mai raunin gani. Sai Clavier visuel, allon madannai da ke fitowa a fuskar kwamfuta a riƙa danna shi da linzami.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake koyar da kwamfuta a wurinmu. Malami zai tsaya ya ce "ku danne Ctrl da hagu, ku taɓa V da dama", ɗalibin da hannunsa ɗaya ba ya aiki ya yi shiru a bayan aji, na kusa da shi ya riƙa danna masa. Daga nan sai ya ɗauka kwamfuta ba tasa ba ce. Alhali aikin buga takardu, da shigar da bayanai, da lissafin shago suna daga cikin sana'o'in da mai nakasar hannu zai iya yi a zaune ya ci abinci da mutuncinsa, ga shi rajistar jarrabawa da ta gasar shiga aikin gwamnati sai ƙara komawa intanet take yi. Kamaru na da dokar kare haƙƙin nakasassu tun 13 ga Afrilu 2010, kuma in an tashi maganarta, gangaren hawa keke a ƙofar gini ake tunawa, wanda ke cin siminti da kuɗi. Wannan kuwa minti biyar na darasin farko ya ishe shi.

Ga masu shago, roƙona kada a toshe hanyar Maj sau biyar don kawai yara masu wasa na tayar da akwatin. In ya zama dole a toshe a na'urorin wasa, a bar ko da guda ɗaya a buɗe, a manna 'yar takarda a jikinta da Faransanci da Hausa da Fulfulde cewa mai aiki da hannu ɗaya ya taɓa Maj sau biyar, a kuma nuna wa yaron shago yadda ake kunnawa da kashewa.