Cutar mantuwa da kwanciya asibiti

Cutar mantuwa, wadda ake kira gigin tsufa, rukuni ne na cututtukan ƙwaƙwalwa da ke cin tunani da magana da iya kula da kai a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun haura miliyan 55, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in Alzheimer ne, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Masu wannan cuta sun fi tsaransu yawan kwanciya asibiti, sun kuma fi daɗewa a kan gado idan an kwantar da su.

Dalilan kwanciya

Da wuya mantuwar kanta ta kai mutum asibiti. Galibi wani ƙaramin ciwo ne ke girma a ɓoye, domin majinyacin ya kasa cewa ga inda ke masa ciwo. Dattijuwar da fitsari ke mata zafi ba za ta faɗa ba, sai dai a ga ta ƙi abinci, ko ta yi ta faɗa da mai jinyarta, ko barci ya yi mata yawa. Iyali su ce ai tsufa ne, har ƙwayar cutar ta shiga jini.

Faɗuwa na kan gaba, musamman wadda ke karya ƙashin ƙugu. Sai ciwon huhu, wanda kan biyo bayan sarƙewa: idan haɗiya ta yi rauni, ruwa ko abinci na zarcewa hanyar numfashi. Akwai kuma ƙarancin ruwa a jiki, da taurin bayan gida, da rikicewar magunguna, kamar mai ciwon suga da ya sha maganinsa sau biyu don ya manta ya sha. Wani lokaci ma mai jinyar ne ya gaji ko ya kwanta ciwo, aka rasa wanda zai karɓe shi.

Ruɗewar farat ɗaya

Wannan ita ce alamar da ta fi cancantar a sani. Cutar mantuwa kan yi watanni ko shekaru tana tafiya, amma ruɗewar da likitoci ke kira diliriyom cikin sa'o'i ko kwanaki take zuwa: sambatu, ganin abin da babu, kasa tsayar da hankali, ko yin shiru da ba a saba gani ba. Kusan kullum akwai wani ciwo a ƙarƙashinta, kuma tana buƙatar likita a ranar. Abin takaici, asibiti kansa na haddasa ta, saboda baƙin fuskoki da hayaniya da fitilun dare. Kwanaki kaɗan a kan gado kan tsotse ƙarfin ƙafafun tsoho, shi ya sa wasu ke shiga da ƙafarsu, su fito a keken guragu.

Rigakafi

Yawancinsa a gida yake. A haskaka hanyar banɗaki da dare, a kawar da tabarmar da ke naɗewa, a gyara tabarau. A riƙa miƙa wa majinyacin ruwa ba sai ya nema ba, a zaunar da shi sosai lokacin cin abinci, a tsabtace masa baki. Allurar rigakafin mura da ta nimoniya na taimakawa. Ya kamata likita ya riƙa bitar dukkan magungunan. Na barci suna ƙara haɗarin faɗuwa, kuma a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wasu magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin mutuwa ga masu wannan cuta.

Idan kwanciyar ta zama dole, kasancewar wanda majinyacin ya saba da shi na rage ruɗewa. A Birtaniya sai da wasu marubuta biyu, Nicci Gerrard da Julia Jones, suka kafa wani kamfen mai suna John's Campaign a 2014 don neman a bar iyalai su zauna da nasu a kowane lokaci, abin da yake al'ada a asibitocin ƙasar Hausa, inda ɗan uwa ke kwana a gefen gado. Idan cutar ta yi nisa, bincike bai nuna cewa ciyarwa ta robar hanci ko ta ciki na tsawaita rai ba, don haka likitocin tsofaffi suka fi son a ci gaba da ba shi abinci da hannu, cokali-cokali, gwargwadon abin da zai iya haɗiyewa.