Dambe a hokin ƙanƙara da matsin lambar ƙungiyoyi

Dambe tsohuwar al'ada ce a wasan hokin ƙanƙara (wasan da ake bugawa da sanduna a kan filin ƙanƙara) na Kanada da Amurka, musamman a NHL, babbar gasar ƙwararru ta ƙasashen biyu. 'Yan wasa biyu za su yar da sanduna, su tuɓe safar hannu, kowa ya cakumi rigar abokin karawarsa da hannu ɗaya yana kai naushi da ɗayan, alƙalai na gefe suna kallo har sai wani ya faɗi ko ƙarfinsu ya ƙare. Tun 1922 hukuncin wannan a NHL zaman minti 5 ne a waje. A gasar Olamfik kuwa, korar mutum ake yi daga wasan.

Wannan sassauci ne ya buɗe gurbin ɗan dambe a ƙungiyoyi, wato ƙaton da aka ɗauka don ya rama wa taurari in an taɓa su. Haka Dave Semenko ya riƙa tsare Wayne Gretzky a Edmonton. Dave Schultz na Philadelphia Flyers ya tara mintunan horo 472 a kakar 1974–75, shekarar da suka sake ɗaukar kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL.

Ba kasafai koci ke cewa "je ka yi faɗa" da bakinsa ba. Ya isa ya dafa kafaɗar ɗan wasa ya tura shi fili daidai lokacin da ƙaton abokan hamayya ya shigo. Shi kuwa ya san abin da ke ba shi albashi, ya kuma san akwai wani a ƙaramar gasa da ke jiran gurbinsa. A Janairun 1982 abin ya fito fili: kocin Los Angeles Kings, Don Perry, ya umarci Paul Mulvey ya bar benci ya shiga faɗa da 'yan Vancouver, Mulvey ya ƙi. An dakatar da Perry kwana 15, amma Mulvey aka tura ƙaramar gasa, bai sake buga NHL ba. Sauran 'yan wasa sun ga wanda ya fi asara.

A 2011 Derek Boogaard da Rick Rypien da Wade Belak, dukansu sanannun 'yan dambe, suka mutu cikin 'yan watanni. Boogaard yana da shekara 28. Binciken Jami'ar Boston ya gano cutar CTE a ƙwaƙwalwarsa, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai. Daga baya ƙungiyoyi sun rage ɗaukar wanda faɗa kaɗai ya iya, kuma a 2023 gasar matasa ta Kebek, QMJHL, ta mai da hukuncin dambe kora nan take.