Yadda mutanen Latviya ke cewa "a ciki" da "shiga ciki"

Wai da gaske ne harshen Latviya bai da kalmar "a cikin"?

Kusan haka ne. Su ƙarshen sunan suke ja kawai, shi ke nan an shiga. Gida māja ne, a cikin gida kuma mājā, wannan ɗan layin da ke saman wasalin shi ke nuna a ja shi. Riga babban birninsu idan kana cikinsa sai ka ce Rīgā, daji mežs ne amma a daji mežā, kasuwa tirgus a kasuwa tirgū, kogi upe a kogi upē. Mu ma fa muna da ɗan irin wannan, ba mu lura ne kawai, baki ya koma a baka, zuciya ta koma a zuci.

To idan mutum shiga yake yi fa?

Nan ne abin ya burge ni wallahi, sunan yana nan da jan wasalinsa na "a ciki", aikatau ne ke ɗaukar nauyin, sai a manna masa ie- a gaba. Iet tafiya ce, ieiet shiga, nākt zuwa, ienākt shigowa, kamar dai namu shiga da shigo. Likt sakawa, ielikt sakawa a ciki. Saboda haka ieiet veikalā shi ne shiga shago, amma iet uz veikalu tafiya ce wajen shagon, ko ka shiga ko ka tsaya a bakin ƙofa ba ruwan jimlar. Shi ya sa ma a ƙofar shiga za ka ga an rubuta ieeja, ta fita kuma izeja.

Iekšā kuma mene ne?

Ita ce "ciki" ɗin da ke tsayawa da ƙafarta. Ka ƙwanƙwasa ƙofa sai ka ji nāc iekšā, wato shigo ciki, kishiyarta ārā, waje. Akwai ɗan bambanci kuma, ieiet na nuna an gama shiga, iet iekšā kuwa ana kan shigar ne. Abin dariyar shi ne iekšas a wajensu kayan ciki ne, su hanji da sauransu, to ka ga yadda cikinmu na tumbi ya zama cikin ɗaki haka nasu ma ya yi.

Na ga iekš a wani rubutu, kuskure ne?

Tsohon yayi ne. Litattafan farko na harshen tun ƙarni na 16 limaman coci Jamusawa ne suka rubuta, Ernst Glück ma da ya fassara Baibul wajen 1685 Bajamushe ne, su kuma sun saba da kalmarsu ta Jamusanci "in", wato a cikin, sai suka riƙa cusa iekš ko'ina. Daga baya masu gyaran harshe suka ce wannan Jamusanci ne sanye da rigar Latviya, aka koma ja wasali. Yau in ka ce iekš mājas za a gane ka, sai dai a yi maka kallon wanda ya fito daga tsohon littafin coci.