Fitar da bayanai daga rumbun bayanai (database) zuwa Excel da kod ɗinka: tambayoyi da amsoshi

Tunda ana iya fitar da CSV da dannawa ɗaya, me zai sa mutum ya wahalar da kansa da rubuta kod?

Don CSV rubutu ne zalla, waƙafi kawai ke raba gida da gida, wato akwatunan tebur da ake zuba bayanai a ciki. Ba launi, ba faɗin ginshiƙi, ba shafi na biyu. Babbar illarsa kuwa, ba ya faɗin abin da ke cikin kowane gida, sai Excel ya yi ta cinta da kansa. Lambar kaya 00457 ta koma 457. Wanda ya rubuta 3-4 ya tarar da kwanan wata. Masu binciken ƙwayoyin gado sun sha wannan azaba, sunaye irin SEPT2 da MARCH1 suna rikiɗa zuwa kwanan wata, har a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya haƙura ya sauya su. Haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ ma kan fito a hargitse idan Excel bai gane cewa da tsarin ajiye haruffa na UTF-8 aka rubuta fayil ɗin ba. Idan kai ka rubuta fayil ɗin xlsx, wato ainihin tsarin fayil na Excel, da kanka, kai ke yanke hukunci a kan kowane ginshiƙi.

Da me ake rubutawa?

Kowane yaren shirye-shirye da nasa laburare, wato kod da wasu suka riga suka rubuta don wannan aikin. Python na da openpyxl da XlsxWriter, Java na da Apache POI, PHP na da PhpSpreadsheet, masu C# kuma na amfani da ClosedXML ko EPPlus. A lura, XlsxWriter sabon fayil kawai yake rubutawa, ba ya buɗe wanda yake nan. In an ba ka samfurin rahoto mai tambari da kanun labari aka ce ka cike, openpyxl za ka ɗauka.

Shi kansa xlsx tarin fayilolin XML ne a matse cikin zip. Canza ƙarshen sunan zuwa zip ka buɗe, za ka gani da idonka.

Ina aka fi yin tuntuɓe?

A nau'in bayanai, kuma nan ne rabin aikin yake. Mutum ya ɗauko kuɗi daga rumbu, ya mayar da shi rubutu mai waƙafi, wato 12,500.00, don ya yi kyan gani. Kyan ya samu. Amma ranar da akanta ya zo tara ginshiƙin sai jimla ta ba shi sifili, domin Excel ba ya tara rubutu. Abin da ya kamata shi ne a zuba 12500 a matsayin lamba, sannan a ɗora mata tsarin nunawa na #,##0.00. Ƙimar tana nan yadda take, ado ne kawai a sama.

Akasin haka ma yana faruwa. Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, don haka lambar shaida mai lambobi 16 za ta rasa ta ƙarshe, ta zama sifili, ba tare da wani gargaɗi ba. Duk abin da ba za a taɓa tarawa ko ragewa ba, kamar lambar waya ko ta asusu, a rubuta shi a matsayin rubutu.

Kwanan wata kuma Excel lamba yake ajiyewa, yana ƙirga kwanaki daga farkon 1900, kuma bai san bambancin lokacin ƙasashe ba. In rumbunka da UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, yake ajiya, ka mayar da shi lokacin ƙasarku kafin ka zuba, ka kuma rubuta a kanu wane lokaci ne.

Idan bayanan sun yi yawa fa?

Shafi ɗaya na xlsx layi 1,048,576 yake ɗauka. Tsohon tsarin xls kuwa 65,536 ne iyakarsa, kuma wannan iyakar ce ta sa a Oktoban 2020 aka gano cewa sakamakon mutum 15,841 masu korona bai shiga ƙidayar Ingila ba. Ka sa kod ɗinka ya ƙirga layukan da ya ɗauko da waɗanda ya rubuta, in ba su yi daidai ba ya tsaya.

Tun kafin a kai can ma ƙwaƙwalwar kwamfuta kan cika, in aka kwaso komai lokaci guda. A ɗebo kaɗan-kaɗan ana rubutawa. Don wannan aikin XlsxWriter na da constant_memory, openpyxl na da write_only, POI na da SXSSF.

Wane ado ne ya cancanci wahala?

Kanu mai kauri da aka kafe don kar ya ɓace in ana gangarawa, matata a kan ginshiƙai, da faɗin da zai hana lambobi fitowa kamar ####. Ni a ganina sauran yawanci ɓata lokaci ne. Haɗe gidaje musamman, kyau ne na rana ɗaya, don yana hana jerawa da tacewa. Sunan shafi kar ya wuce haruffa 31.

Akwai haɗarin tsaro?

Akwai. Idan wani ya cike fom da rubutun da ya fara da =, +, - ko @, Excel na iya ɗaukarsa a matsayin lissafi ya aiwatar a kwamfutar wanda ya buɗe. Wasu laburaren ma da kansu suke mayar da duk abin da ya fara da = lissafi. A XlsxWriter ka yi amfani da write_string ga duk abin da jama'a suka shigar. Sannan tun a matakin SQL, wato umarnin ɗauko bayanai daga rumbu, ka lissafo ginshiƙan da kake buƙata da sunansu maimakon SELECT * da ke kwaso duka, kar kalmar sirri ta bi rahoton zuwa akwatin imel ɗin wani.