Na'urar feshin fenti a ƙaramin shagon kafinta

Na'urar feshin fenti kayan aiki ce da ke farfasa fenti ko banish zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo, sannan ta watsa su a jikin katako, ta yadda za a sami shimfiɗa mai laushi wadda ba ta da sawun buroshi. A ƙaramin shagon da mutum ya keɓe a gidansa, zaɓen na'urar ya fi dogara da abubuwa biyu, wato yawan iskar da zai iya samarwa da kaurin abin da zai riƙa fesawa. Tsadar bindigar feshin kanta tana zuwa ne daga baya.

Asalin wannan fasaha a Amurka yake. A 1887 Joseph Binks, wanda ke kula da gyare-gyare a kantin Marshall Field da ke Chicago, ya ƙera na'urar fesa farar ƙasa a bango. A 1907 kuma Thomas DeVilbiss na garin Toledo ya sarrafa na'urar da mahaifinsa, wanda likita ne, ya ƙirƙira don fesa magani a maƙogwaro, ya mayar da ita bindigar feshin fenti. Abin ya bunƙasa a shekarun 1920, bayan kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, domin irin wannan fenti yakan bushe kafin buroshi ya gama baza shi.

Tsohuwar hanya ita ce bindigar da ke aiki da kwamfaresa, wato injin matsa iska, a matsin iska mai ƙarfi, kimanin bar 3 zuwa 4 (bar ma'aunin matsi ne). Tana farfasa fenti sosai, aikinta kuma yana da kyau, sai dai abin da ke zama a jikin katako bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yakan tashi ya zama hazo. A ɗaki ɗaya da ke maƙale da gidan zama, wannan hazo babbar matsala ce.

Wannan ɓarna ce ta sa tsarin HVLP ya sami karɓuwa, wato tsarin iska mai yawa a ƙaramin matsi, inda matsin da ke bakin bindiga ba ya wuce bar 0.7. Dokokin tsabtar iska na kudancin jihar Kalifoniya, waɗanda suka nemi aƙalla kashi 65 cikin ɗari na fenti ya isa jikin abin da ake fesawa, sun taimaka wajen yaɗuwarsa. Iri biyu ne. Na farko bindiga ce da ake jonawa da kwamfaresa, kuma a nan ne masu sabon shiga suka fi yin kuskure, domin sukan duba girman tanki su manta da yawan iskar da injin ke fitarwa a minti guda. Irin wannan bindiga takan ci lita 300 zuwa fiye da 400 na iska a minti, alhali ƙaramar kwamfaresa mai tankin lita 24 ko 50 ba ta iya fitar da iska mai yawa haka. Sakamakon shi ne feshi ya fara da kyau, kafin a kai ƙarshen ƙofa ɗaya matsi ya faɗi, fenti ya fara fita gudaji-gudaji. Wanda ƙaramar kwamfaresa kaɗai gare shi, bindigar LVLP mai cin iska kaɗan a ƙaramin matsi ta fi dacewa da shi, ko da yake aikinta na da ɗan jinkiri. Iskar kwamfaresa kuma tana ɗauke da ruwa da ɗigon mai, don haka dole a sa matata a kan tiyo, in ba haka ba fentin zai fito da ƙananan ramuka.

Iri na biyu shi ne mai injin tabayin, wanda akwati ne mai jerin fankoki da ke hura iska ta tiyo mai faɗi kai tsaye zuwa bindiga. Ba ya buƙatar tanki, iskarsa ba ta da mai, ana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Ana auna ƙarfinsa da yawan matakan fanka: mai mataki biyu ko uku ya wadatar ga banish mai ruwa-ruwa, amma fentin da ake sirkawa da ruwa mai kauri yana son mataki huɗu ko biyar. Kamfanonin Fuji Spray na Kanada da Apollo da Wagner suna cikin masu ƙera shi. Aibinsa ƙara, ga shi iskarsa da ɗumi, abin da kan sa fenti ya soma bushewa tun bai sauka ba a ranar zafi. Duk da haka, ga mai yin kabad da tebur da kujera jefi-jefi, wanda ba shi da babbar kwamfaresa tun farko, shi ne zaɓin da ya fi sauƙin lissafi.

Akwai kuma na'urar da ba ta amfani da iska, wadda famfo ke tura fenti ta ɗan ƙaramin rami a matsin da ya haura bar 100. Ta dace da bango da shinge da ƙofofi masu yawa, amma ta fi ƙarfin ƙananan kayan ɗaki, wanke ta ma kaɗai yana cin fenti da lokaci. Haɗarinta shi ne fentin na iya huda fata, kuma irin wannan rauni na buƙatar asibiti nan take komai ƙanƙantarsa a ido.

Bayan an tsai da tsari, sai batun faɗin bakin bindiga. Milimita 1.0 zuwa 1.3 na banish marar kauri ne, 1.4 zuwa 1.8 na matsakaici, 2.0 zuwa sama kuma na fenti mai nauyi. Masu aikin kan gwada kauri da wani kofi mai rami a gindi, irin su kofin Ford mai lamba 4, su ƙirga daƙiƙoƙin da fenti ke ɗauka kafin ya tsiyaye, sannan su ƙara tina ko ruwa gwargwadon umarnin da ke jikin gwangwani. Ana riƙe bindigar HVLP santimita 15 zuwa 20 daga katako, kowane zagaye ya hau rabin wanda ya gabace shi. Idan fuskar aikin ta fito kamar ɓawon lemo, fenti ya yi kauri ko iska ta gaza. Idan ya zubo, an matso da yawa ko an yi jinkirin tafiyar da bindigar.

Ɗakin feshi wani ɓangare ne na kuɗin da ya kamata a lissafa. Tururin tina yana kama wuta da ɗan tartsatsi, shi ya sa ake buƙatar fankar da aka ƙera musamman don irin wannan wuri, kuma takunkumin ƙura ba ya tare shi, sai mai matatar gawayi. Fenti mai haɗi biyu wanda ke ɗauke da sinadarin aisosayanet yana haddasa asma, kariyarsa ita ce takunkumin da ake turo wa tsabtatacciyar iska, abin da ba kasafai ake samu a gida ba, saboda haka masu ƙananan shaguna da dama suka koma ga banish ɗin da ake sirkawa da ruwa. Yanayi ma yana da tasiri: laimar damina kan sa banish mai saurin bushewa ya yi fari-fari, ƙurar hunturu kuwa takan zauna a kan aikin da bai bushe ba, sai an sake bi da sanfefa kafin shimfiɗa ta gaba.