Ciyar da Karen Dakshund

Dakshund, wanda Jamusawa ke rubutawa Dachshund, ƙaramin kare ne mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, kuma asalinsa daga Jamus yake. Abin da ya raba ciyar da shi da ta sauran karnuka shi ne ƙirar jikinsa, domin ƙiba kaɗan takan zame wa gadon bayansa kaya mai nauyi. Wannan bayani ya fi la'akari da mai kiwonsa a Saudiyya.

Asali da tarihin abincinsa

Sunan ya haɗa kalmomin Jamusanci biyu: Dachs, wata dabba mai haƙa rami, dangin dage, da Hund, wato kare. Ana kyautata zaton cewa mafarautan Jamus sun fara fitar da wannan iri ne a wajejen ƙarni na 17 zuwa na 18, suna neman karen da zai kutsa cikin rami ya tari dabbar gaba da gaba. An yi masa rajista a Amurka a 1885, aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Jamus a 1888, sannan a 1972 aka zaɓi siffarsa ta zama alamar nishaɗi (mascot) ta wasannin Olamfik na Munich, aka raɗa masa suna Waldi.

A zamanin farauta abincinsa bai wuce ragowar gida da kayan cikin abin da aka kamo ba, kuma wunin da yake yi a daji ya ishe shi ƙone duk abin da ya ci. Abincin kare na sayarwa ya fara ne a Landan a wajejen 1860, lokacin da wani Ba'amurke mai suna James Spratt ya soma gasa wa karnuka biskit. Busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake sayarwa a buhu yau, ya bazu ne a shekarun 1950. Karen ya bar daji ya koma ɗaki, amma kwaɗayinsa na mafarauci bai ragu ba.

Ƙashin baya da ƙiba

Gajartar ƙafafunsa gado ce, kuma irin wannan gadon yana tafe da saurin taurin faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Idan faifan ya fashe ya danne laka, karen kan shiga matsanancin ciwo, wani lokaci ma ƙafafun baya su shanye. An ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na wannan iri kan gamu da matsalar. Abinci ba ya kawar da gado, sai dai likitocin dabbobi suna ba da shawarar a bar karen ba ƙiba. Gwajin kuwa da hannu ake yin sa: a ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba, a kuma ga ƙugunsa ya ɗan tsuke idan an dube shi daga sama.

Ma'auni

Babban dakshund kan kai kilo 7 zuwa 14, ƙaramin kuwa ba ya wuce kilo 5. Baligin kare mai kilo 5 yana buƙatar kimanin kalori 350 zuwa 400 a rana, a raba gida biyu, safe da yamma, kuma awo da sikeli ya fi awo da kofi. Kwikwiyo yana cin sau uku zuwa huɗu har ya kai wata shida. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ta sa furotin kada ya gaza kashi 18 cikin ɗari ga baligi, da kashi 22.5 ga mai tasowa. 'Yan abubuwan lasawa da ake jefa masa kada su haura kashi 10 na abincin rana. Yankan karas ko kokwamba ya wadatar.

Abincin gida

A nan ne hatsarin ya fi yawa, domin al'adar Bahaushe, a Kano yake ko a Makka, ita ce a zuba wa kare abin da ya rage a faranti. Kabsa, shinkafa da nama da ake yawan dafawa a Saudiyya, tana ɗauke da albasa, sau da yawa kuma ana barbaɗa mata zabibi. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, inabi da zabibi kuwa suna iya kashe masa ƙoda ko da kaɗan ne. Gahawa da shayi da cakulan haramiyarsa ce, haka nan goro, wanda ba a rasa shi a gidajen Hausawa, saboda sinadaran da ke wartsake mutum a cikinsu guba ne ga kare. Ƙwallon dabino kan toshe hanjin ƙaramin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma kan tsage ya huda shi. Kitsen rago, wanda ke yawaita da babbar salla, yana iya jawo masa kumburin fankiriyas, wata gaɓar ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci. Naman da aka dafa ba gishiri ba yaji, da farar shinkafa da kabewa, ba su da illa, amma su kaɗai ba sa cika masa buƙatarsa ta kalsiyam.

Zafi da ajiya

Kare na shan kimanin mililita 50 zuwa 60 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, fiye da haka a bazarar Riyad da zafi ke haura digiri 40. Ƙirjin dakshund yana dab da ƙasa, don haka tiririn kwalta ya fi dukansa, sai fita yawo ta ragu, dole kuma abinci ya ragu tare da ita. A Jidda, inda iska ke da danshi, buhun da aka bari a buɗe kan yi fumfuna.

Matsayinsa a shari'a da doka

Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, ya kuma ambaci raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba don haka ba. Malikawa, mazhabar galibin Hausawa, suna ganin rayayyen kare mai tsarki ne, Hambalawa kuwa suna ganinsa najasa. A 2008 an hana sayar da karnuka da kyanwoyi a Riyad, amma a 2020 aka buɗe gidan gahawa na farko a Saudiyya da ake shiga da karnuka, a birnin Khobar.