Haɗin kan yarjejeniyoyin duniya wajen kare kifin shak

Kifin shak ba ya ƙarƙashin doka guda. Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta bai wa kowace ƙasa iko da kifin da ke cikin mil 200 daga gaɓarta. Bayan nan sai tsakiyar teku, inda hukumomin kamun kifi na yankuna irin su ICCAT ta tekun Atlantika ke tsara yadda za a yi su. Yarjejeniyar CITES ta 1973 kuwa cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasa da ƙasa kaɗai take kula da shi, ita kuma CMS, wadda aka ƙulla a Bon a 1979, ta shafi dabbobi masu ƙaura.

Wurin da waɗannan dokoki ke haɗuwa shi ne takardar izini. Idan nau'in shak yana jadawali na 2 na CITES, wato jerin nau'o'in da ake sa ido kan cinikinsu ba tare da an hana shi ba, kafin a fitar da namansa ko fikafikansa sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar cewa cinikin ba zai jawo ƙarewar nau'in ba. Ko da jirgi ya kamo kifin a tsakiyar teku ya kawo shi ƙasarsa, sai an ba shi takardar shaida. A nan gizo ke saƙar: alƙaluman kamun suna hannun hukumomin kamun kifi, waɗanda kifin tuna ne babbar damuwarsu, kuma jiragen ruwa kan rubuta "shak" kawai ba tare da ambaton nau'i ba. Masanin da ba shi da alƙalumma, da me zai yanke hukunci?

Kwastam ma na shan wahala, domin busassun fikafikai kama suke da juna. Wannan ya sa taron CITES na Panama na 2022 ya sanya dangin shak na Carcharhinidae kaf a jadawali na 2, har da nau'o'in da kamanni kawai ya jawo musu.

Akan yi jayayya kan hurumi. A taron CITES na Doha a 2010, Monako ta nemi a hana cinikin tuna mai shuɗin fiffike na Atlantika, ƙasashe suka ƙi, da hujjar cewa aikin ICCAT ne. Yarjejeniyar tsakiyar teku ta 2023 ta ba da damar keɓe wuraren kariya, amma da sharaɗin kada ta tauye ikon hukumomin da ta tarar.